Daga murfin kwalbati zuwa sikelin panteka: yadda satar ƙarafa ke cin ƙananan hukumomi

A farkon watan Janairun 2025 hotunan wasu manyan titunan Abuja suka cika kafafen sada zumunta: ramuka a buɗe a kan kwalta, an ɗauke murafun ƙarfen da ke rufe magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa. Cikin 'yan kwanaki rundunar 'yan sandan birnin ta sanar da kama mutane fiye da 50, ta kuma nuna wa manema labarai murafun da ta ƙwato daga kasuwannin panteka. Kafin watan ya raba, hukumar babban birnin tarayya a ƙarƙashin minista Nyesom Wike ta hana 'yan jari-bola yawo cikin gari, ta ce su tsaya a jujin bayan gari, sannan ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu domin a tantance masu sana'ar.

An yi wannan hanzari ne saboda Abuja ce, kuma titunan da abin ya shafa manya ne ke bi. Irin wannan sata ta daɗe tana faruwa a garuruwa da ƙauyuka inda babu mai ɗaukar hoto. A can ba murfin kwalbati kaɗai ake ɗauka ba. Ana kwance kan famfon tuƙa-tuƙa, a zare injin sumo daga rijiyar burtsatse, a ɓalle ƙofofi da tagogin makarantar firamare lokacin hutu, a yaye kwanon rufin asibitin sha-ka-tafi, a sare turken fitilar sola, har allunan ƙarfen da ake kafawa a kan kaburbura ba su tsira ba. Idan ka jera waɗannan kayayyaki ka tambayi wace gwamnati ce ke da alhakinsu, kusan kullum amsar ɗaya ce: ƙaramar hukuma.

Ba ra'ayin wani ba ne wannan, a rubuce yake. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, kuma a ciki akwai gina da kula da hanyoyin cikin gari, fitilun kan titi, magudanan ruwa, maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, bayan-gidan jama'a da kwashe shara. Ya kuma ba su hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya a matakin farko. Duk inda ka duba a wannan jeri, ƙarfe ne a fili, babu katanga, babu maigadi, a warwatse cikin unguwanni da ƙauyuka. Gwamnatin tarayya tana da nata rabon asarar, kamar layin dogo da ake kwance wa ƙarafa, da turakun manyan layukan wuta na kamfanin TCN, da Gadar Neja ta Biyu da aka cire wa ƙarafan haɗi a watan Yulin 2023, 'yan makonni bayan buɗe ta. Amma tarayya tana da jami'an Sibil Difens da sojoji da ma'aikatu masu kasafin biliyoyi. Ƙaramar hukuma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya da ke ƙarƙashinta, kuma kason da ƙananan hukumomi gaba ɗaya ke samu daga asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari ne, wanda mafi yawansa ke tafiya a albashin malamai da ma'aikata.

Abin da ya sa wannan laifi ya fi sauran sata ciwo shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ɓarawo ya samu da abin da jama'a suka rasa. Wanda ya saci babur, babur ya samu, mai shi ma babur ya rasa. Wanda ya kwance famfon tuƙa-tuƙa kuwa, nauyin ƙarfe kawai zai sayar. Yana zuwa da dare da sifana biyu, ya kwance ƙusoshin da suka riƙe kan famfon, ya cire hannun da sarƙar, sannan ya fara jawo rodin da bututun ɗaya bayan ɗaya, don ya kai ga silindar da ke can ƙasa, wadda ita ce mai tagulla. Idan gari ya kusa wayewa ko ya ji motsi, sai ya saki abin da ya rage ya faɗa cikin rijiyar. Da safe matan unguwa su tarar da bakin rijiya a buɗe, yara sun fara jefa duwatsu a ciki. Ƙarfen da ya tafi da shi, bayan an ɗora a sikeli, bai taka kara ya karya ba. Ita kuwa rijiyar, idan ba a iya ciro abin da ya faɗa ba, ta mutu ke nan, sai an nemo motar haƙa a sake wata, kuma wannan kuɗi ne na miliyoyi. Kafin a yi, in ma za a yi, unguwar ta koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ko ɗiba a kududdufi, sannan a zo ana mamakin amai da gudawa da damina.

Haka lissafin yake a ko'ina. A taransifoma jar wayar da ke naɗe a ciki ake nema, da man da ke sanyaya ta, da kebur mai kauri da ke fita zuwa falwayoyi. Ba a iya ciro su sai an lalata na'urar baki ɗaya. A ƙa'ida kamfanin raba wuta ne ya kamata ya maye gurbinta, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sha nanata cewa ba aikin masu amfani da wuta ba ne, amma kowa ya san yadda ake yi: a yi watanni cikin duhu, mai unguwa ya kira taro, a yanka wa kowane gida kuɗi, a naɗa kwamiti ya tafi wurin ciyaman ko kansila roƙo. Mai injin markaɗe da mai walda da mai sayar da ƙanƙara su ne ke biyan kuɗin wannan jira. Ƙaramar hukumar da ba ta mallaki taransifomar ba ita ce ake zuwa ƙofarta, domin ita ce gwamnatin da talaka zai iya takawa da ƙafa ya isa.

A makaranta ɓarnar ba ta tsayawa a ranar da aka yi ta. Ajin da aka cire wa ƙofa da taga ya zama hanyar kowa. Awaki su kwana a ciki, zauna-gari-banza su mai da shi wurin shaye-shaye, kujerun da suka rage a karya katakon a ɗauke ƙafafun ƙarfen. Idan aka yaye kwano biyu daga rufi, iskar farkon damina za ta ƙarasa sauran, ruwa ya jiƙa bango, silin ya rufto. Hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi, sakatare ya rubuta wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, takarda ta shiga layi. A halin da ake ciki an haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya. Wannan asara ba ta bayyana a rahoton 'yan sanda, domin da wuya a kai ƙara, kuma ba ta bayyana a littafin kuɗin ƙaramar hukuma, domin ba a saye komai ba.

Akwai wani rauni da ya fi rashin kuɗi muni a ganina, wato rashin sanin abin da aka mallaka. Fitilun sola da suka cika garuruwanmu cikin shekarun nan, da yawansu ayyukan mazaɓu ne na 'yan majalisar tarayya ko na jiha, ko kyautar wata ƙungiyar agaji. Ɗan kwangila ya kafa, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Ba a miƙa su ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da takarda ba, ba su da lamba, ba wanda aka ce shi ne mai kula da su. Batir ya mutu, fitila ta daina kamawa, wata shida tana tsaye babu haske. Daga ranar da ta mutu, a idon mai wucewa ta zama bola. Ko da an kama mutum da farantin solar ko guntun turken a baro, wa zai je kotu ya rantse cewa wannan nasa ne, ga shaidarsa? Shari'o'i irin waɗannan a nan suke wargajewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar daga cikin ofis take.

To ina ƙarfen ke zuwa? Amsar wannan tambaya ce ke nuna girman al'amarin. Najeriya ta fara gina masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, da niyyar ta riƙa narka tamar Itakpe tana fitar da sabon ƙarfe. Har yau babbar tukunyar narkawar ba ta taɓa aiki ba. Kamfanin ƙarafa na Aladja a jihar Delta, wanda aka tsara zai riƙa ciyar da masana'antun mulmula rodi na Katsina da Jos da Osogbo, shi ma ya durƙushe. Amma gini bai tsaya ba, kuma kowane gini yana cin rodi. Giɓin da aka bari sai kamfanoni masu zaman kansu suka cike shi, a Ikorodu da Ogijo da Ota da wasu garuruwa har da Arewa, kuma abincin tukwanensu tsohon ƙarfe ne. Tirelolin da kake gani maƙare da gwangwani da ɓaraguzan mota suna gangarawa kudu, can suka nufa. Ba banza ba a Borno ake kiran sana'ar tsintar ƙarfe da sunan ajaokuta. Jar waya da alminiyam kuma suna da tasu kasuwar, mai tsada fiye da baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba. Dokar Najeriya ta hana fitar da tsohon ƙarfe ƙasashen waje, amma da zarar an narka shi an zuba shi dunƙule-dunƙule, ya tashi daga sunan bola.

Farashin waɗannan kaya da dala ake auna shi a duniya. Tan ɗaya na jan ƙarfe ya haura dala 11,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan a watan Mayun 2024. A daidai wannan lokaci naira, wadda take wajen 460 a dala kafin a sake ta a Yunin 2023, ta wuce 1,500. Ga kuma cire tallafin man fetur da ya ninka kuɗin komai. Abu biyu suka haɗu ke nan a kan ƙaramar hukuma: kilon ƙarfe ya ƙara daraja a hannun mai sata, kuɗin sayo sabon famfo ko batir ko kebur, waɗanda kusan duk daga waje ake shigo da su, ya ninka a hannun mai gyara.

A nan dole a yi adalci. Mafi yawan masu yawo da buhu da maganaɗisu a ɗaure a sanda, ko masu tura kura suna kiran a kawo tsohon ƙarfe, ba ɓarayi ba ne. 'Ya'yanmu ne, da yawansu daga ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara, wasu rashin tsaro ya koro su daga gona. Sana'ar gwangwan ta rufa wa dubban gidaje asiri, ta aurar, ta gina gidaje, ta kai mutane Makka. Ita ce kuma kusan hanya ɗaya tilo da ake sake sarrafa shara a ƙasar nan, aikin da hukumomi suka kasa. Kasuwar Panteka ta Kaduna wuri ne na ƙira da fasaha inda ake mai da tsohon ƙarfe murhu da injin niƙa da tukunya. Idan aka ce baban bola a Abuja ko Legas da sigar zagi, galibi ɗan Arewa ake nufi, kuma an sha lakaɗa wa marasa laifi duka saboda kawai an gan su da buhu. Wannan zalunci ne, bai kuma dawo da murfi ko ɗaya ba.

Sannan a yi wa kai gaskiya game da wanda ke iya aikata manyan satar. Yaro mai buhu ba ya sauke taransifoma daga kan dakalinta, ba ya sanin lokacin da babu wuta a layi, ba shi da abin yankan da zai sare turken ƙarfe, ba shi da motar ɗauka. Wannan aikin masu kayan aiki ne da sanin makama, wani lokaci da hannun wanda ya taɓa aiki a wurin ko wanda aka ba gadi. Murfin magudana na kan babban titi ma nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da ya haɗa ƙaramin mai tsinta da babban ɓarawo wuri ɗaya ne: gaban sikeli.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dilan gwangwan ya san yadda cinikin yake. Sikeli a rataye ko a ƙasa, yaro ya sauke buhu, a zazzage, a ware baƙin ƙarfe gefe, alminiyam gefe, jar waya gefe. A bayan fili hayaƙi baƙi yana tashi inda ake ƙona kebur don robar ta narke a samu wayar tsirara. A auna, a faɗi kilo, a ƙirga kuɗi a hannu, shi ke nan. Ba a tambayi suna ba, ba a rubuta komai ba. Amma dilan da ya shekara goma a wannan sana'a yana gane hannun famfo da ido ɗaya ko an yanka shi uku, yana gane murfin magudana ko an farfasa shi da guduma, yana gane cewa kebur mai kaurin hannu ba daga juji ya fito ba. Dokar laifuka ta Arewa ta daɗe da mai da karɓar kayan sata da sani babban laifi. Matsalar ita ce tabbatar da sanin, a cinikin da bai bar sawu ba.

Abin da gwamnatoci suka fi saurin yi shi ne haramci. A watan Yulin 2023 gwamna Babagana Zulum ya hana sana'ar tsintar ƙarfe a dukkan ƙananan hukumomi 27 na Borno. Yana da hujja mai nauyi: a watan Mayun 2022 mayaƙa sun kashe mutanen Rann na ƙaramar hukumar Kala-Balge fiye da 30 da suka shiga daji neman ƙarafa, an kuma sake irin wannan kisa a yankin Dikwa ba da jimawa ba. Ga shi kuma garuruwan da aka gudu aka bari, waɗanda gwamnati ke ƙoƙarin sake ginawa don mayar da 'yan gudun hijira, ana bi ana kwashe abin da yaƙi ya rage. A 2025 gwamnatin Kano ta dakatar da shigo da kayan gwangwan daga Arewa maso Gabas bayan bama-baman da suka zo cikin tarin ƙarafa sun tashi sun kashe mutane. A irin waɗannan wurare haramcin ceton rai ne, ba na kuma ganin laifinsa. Amma a matsayin maganin sata, haramci gajeren numfashi gare shi. Kenya ta gwada: a Janairun 2022, bayan turakun babban layin wuta sun faɗi ƙasar ta shiga duhu, shugaba Uhuru Kenyatta ya dakatar da cinikin tsohon ƙarfe baki ɗaya. Cikin 'yan watanni aka janye, aka koma ga lasisi da ƙa'idoji, domin masana'antu na buƙatar kayan, dubban mutane kuma da shi suke ci.

Ingila ce ta fi kowa nisa a wannan gwaji, kuma darasinta ya shafe mu kai tsaye saboda a hannun ƙananan hukumomi ta sa maganin. Lokacin da jan ƙarfe ya haura dala 10,000 a tan a farkon 2011, satar ƙarafa ta zama annoba a can. Ana ɗauke murafun magudana da allunan kan hanya, ana yaye dalmar rufin makarantu da coci-coci, ana ɓalle allunan tagulla masu sunayen sojojin da suka mutu a yaƙi, ana yanke wayoyin jirgin ƙasa. A Disambar 2011 aka sare wani sassaƙen tagulla, aikin mai sassaƙa Barbara Hepworth, daga lambun Dulwich da ke ƙarƙashin ƙaramar hukumar Southwark a Landan, ba a sake ganinsa ba. Kafin nan, a 2005, an ɗauke wani sassaƙen, aikin mai sassaƙa Henry Moore, mai nauyin tan biyu da aka kimanta a fam miliyan 3, 'yan sanda kuma suka ce sun yi imanin an narkar da shi a kan kuɗin da bai wuce fam 1,500 ba. Ƙananan hukumomin can suna da ƙarin nauyi da namu ba su san shi ba: idan mai keke ya faɗa ramin da aka bari a buɗe, yana iya maka hukuma a kotu. A wurinmu wanda ya karye a irin wannan rami, danginsa ne ke kai shi wurin mai ɗori, a ce ƙaddara ce.

Tsohuwar dokarsu ta 1964 rajista kawai ta nema, kuma ƙaramar hukuma ba ta da ikon ƙin yi wa dila rajista komai munin tarihinsa. A Disambar 2012 aka hana sayen tsohon ƙarfe da tsabar kuɗi. Sannan sabuwar doka, wadda ɗan majalisa Richard Ottaway ya gabatar, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2013 a Ingila da Wales. Ta ce duk mai filin saye da duk mai yawo da mota yana tara ƙarfe sai ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma, na shekara uku. Hukuma na iya hanawa, tana iya ƙwacewa. Mai yawo sai ya yanki lasisi a kowace ƙaramar hukumar da yake shiga. Dole dila ya tantance sunan mai sayarwa da adireshinsa, ya rubuta abin da ya saya, ya biya ta banki ko caki, ya adana bayanan shekara uku. Jami'an hukuma da 'yan sanda na da ikon shiga su duba. Alƙaluman 'yan sanda sun nuna laifukan satar ƙarafa sun sauko daga kimanin 60,000 a shekarar 2012/13 zuwa kimanin 13,000 a 2016/17.

Ba dokar kaɗai ta yi wannan aiki ba. A waɗannan shekarun farashin jan ƙarfe ya faɗi ƙasa da dala 5,000, kuma akwai runduna ta musamman a ƙarƙashin 'yan sandan jiragen ƙasa da gwamnati ta ware wa kuɗi tana bin filayen dilolin. Da kuɗin rundunar ya ƙare, aka kuma ci gaba da zaftare kasafin ƙananan hukumomi, sai duba filaye ya yi sanyi, farashi ya sake tashi, satar ta dawo da sabuwar fuska: gungu-gungu masu tsari da ke yaye rufin coci guda a dare ɗaya ko yanke tukunyar tace hayaƙi daga ƙarƙashin motoci. Diloli masu lasisi suka riƙa kukan cewa su ake takura wa, marasa lasisi na ciniki da tsabar kuɗi ba mai taɓa su. Wannan ɓangaren labarin ya fi na farkon amfani gare mu, domin mun saba da dokokin da ba su da mai bin sawu.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙaramar hukuma a Najeriya ba sai ta jira sabuwar doka daga Abuja kafin ta fara ba. Wannan jadawali na huɗu da ya ɗora mata nauyin fitilu da magudanai, shi ne kuma ya ba ta ikon ba da lasisin baro da kura da amalanke, da kula da kasuwanni da shaguna, da harkar shara. Kayan aikin ɗan jari-bola da filin dilan da ke saye a hannunsa duk suna cikin huruminta. Majalisar kansiloli na iya yin dokar cikin gida da za ta ce kowane fili mai sikeli ya yi rajista, ya ajiye littafin saye mai sunan mai kawowa da lambar wayarsa ko ta katin ɗan ƙasa, a daina saye bayan magariba, a kuma manna jerin kayan da ba a saye ko kyauta aka kawo sai da takardar hukuma: murfin magudana, kayan famfo, farantin sola, ƙarfen dogo, allon kabari, ƙonanniyar jar waya. Hana tsabar kuɗi ga yaro mai kilo biyar ba zai yiwu ba, zalunci ma zai zama, amma yanzu da kowane lungu akwai mai POS, babu hujjar biyan kayan da suka cika Keke Napep ko a-kori-kura hannu da hannu. Masu sana'ar suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NASWDEN, suna da shugabanni a kowace kasuwa, kuma su ne suka fi kowa asara duk lokacin da aka rufe panteka saboda laifin 'yan tsiraru. Da su za a zauna a tsara, tare da masu unguwanni da dagatai waɗanda suka san wanda ya ba da hayar kowane fili.

Tsorona a nan ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: kada lasisin ya zama wani sabon rasit. Mun ga yadda sashen tara haraji na ƙananan hukumomi ke mai da kowace ƙa'ida hanyar tare talaka a hanya. Idan abin ya tsaya a yanka wa mai kura tikiti kowace safiya, ba wanda ya buɗe littafin dila ya duba, to an ƙara wa marar laifi nauyi, ɓarawo kuma ya sami takardar wanke kai. Ma'aunin nasara shi ne ko an taɓa rufe filin babban dila mai uwa a gindin murhu saboda an sami hannun famfo a wurinsa.

Ɗaya rabin aikin a cikin sakatariya yake. A ƙirga abin da aka mallaka, rijiya nawa, fitila nawa, a wace mazaɓa, a buga wa kowanne lamba da sunan hukuma a jikin ƙarfen inda sai an sha wahala kafin a goge. Kada a karɓi aikin mazaɓa ko na ƙungiya sai da takardar miƙawa da sunan kwamitin unguwar da zai kula. A gyara abin da ya lalace kafin ya yi kama da yasasshe. Inda za a iya rage kwaɗayin ɓarawo tun daga zane, a rage: murfin kankare ko na roba mai ƙarfi maimakon na ƙarfe, fitilar da batirinta ke can sama a haɗe da kanta maimakon akwati a gindin turke, keji da walda a kan famfo. Duk wannan kuɗi yake ci, shi ya sa maganar ta koma kan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da shi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Ciyaman ɗin da sai ya rubuta takarda zuwa gidan gwamnati kafin ya sayi kan famfo ba zai ɗauki maigadi ga makaranta ba, balle ya tura jami'i duba filin gwangwan kowane mako.

Ko da an yi duk wannan, ikon ciyaman a iyakar ƙaramar hukumarsa yake tsayawa. Ƙarfen da aka sata a Gwarzo ko Funtuwa ko Potiskum yana iya kwana ɗaya ya tsallake jiha, kwana uku ya isa ƙofar masana'anta a Ogun. Idan hukuma ɗaya ta tsaurara, sikelin zai koma maƙwabciyarta, don haka sai majalisar dokokin jiha ta yi doka ɗaya da ta hau kan kowa, ƙananan hukumomi su zama masu aiwatarwa. Masana'antun narka ƙarfe kuwa ba su da yawa, an san adireshin kowacce, suna da rajista da gwamnatin tarayya, kuma kowace tirela sai an auna ta a ƙofarsu kafin ta sauke. A wannan ƙofar ya kamata a nemi takardar da ke nuna daga filin wane dila mai lasisi kayan suka taso, kuma kamfanin da aka sami murfin magudana ko ƙarfen dogo a tarinsa ya biya kuɗin mayar da shi ga hukumar da aka sata a wurinta.